Dangar Injiniya Badaru

Duk faɗin Gwangwan, kai har Rogo Ruma, ba a taɓa haihuwar mai lissafi kamar Injiniya Badaru ba. Wata biyu cur ya yi yana riƙe wa masu awon titi sanda, kuma an shaida sau uku kacal ta faɗi. Tun daga nan ko tuwo aka ajiye masa sai ya kanne ido ɗaya ya auna shi kafin ya sa hannu. A bayan idonsa Na-Awo ake ce masa.

Yayarsa Turai na da 'yar albasarta a bayan gida. Kaka ta wuce, ranar Juma'a za a saki awaki, karan da ta tara kuwa na danga taku ashirin ne, ba ƙari.

"Yaya, ku mutanen da can kun saba da kusurwa huɗu," in ji shi. "Ɓarna ce. Ilimi ya rage ɗaya. Uku za mu yi."

Ya zaro biro. Gefe guda taku sha ɗaya, guda biyar, guda huɗu. Ya haɗa, ashirin cif. Ya zaga unguwa yana nuna takardar, har ga makaho.

Aka kafa doguwar dangar. Ya jawo ta biyar daga wannan baki, ta huɗu daga wancan, suka ƙi gaisawa. Ya karkato su. Ya kwantar da su har suka kusa manne wa doguwar, amma ga giɓi nan sai ka ce ƙofar kasuwa.

"Ƙanena, ko a rage doguwar a ƙara wa gajerun?" in ji Turai.

"A taɓa lissafi? Takarda ta ce ashirin. Ƙasar nan ce ba ta yi makaranta ba."

Laraba ya sake haɗawa, ashirin. Alhamis ya haɗo daga ƙasa zuwa sama, ashirin.

Ana saukowa daga masallaci sai ga awaki, bunsuru a gaba. Turai ta dubi giɓin, ta dubi ƙanen nata cikin babbar riga.

"Injiniya, zo nan. Buɗe hannuwanka."

Ya buɗe. Rigar ta toshe wurin tsaf, ko ɗan yatsa bai ragu ba. Nan ya wuni a tsaye, bunsuru na ɗanɗana masa aljihu. Albasa ta tsira, kuma masu wucewa duk sun yarda: a karon farko, awon Injiniya ya cika.