Kunnen Zinariya da Faifan da Ba a Yage wa Leda

In ana zancen masana kiɗan fina-finai, to kowa ya gyara zama, ga Kunnen Zinariya nan tafe. Sunan nan ba wani ne ya raɗa masa ba. Shi ya duba gabas da yamma, ya ga jama'a sun yi sakaci, ya taimaka musu ya raɗa wa kansa. Da rana mataimakin shugaban sashen ajiye takardu ne a wani ofis mai hawa uku, inda fanka ɗaya ke juyawa cikin huɗu. Amma wannan neman abinci ne kawai. Ainihin aikin da ya zo yi duniya yana gida, cikin wani kabad na gilashi mai makulli biyu.

A kabad ɗin nan faya-fayan sidi ne sahu-sahu, duk na kiɗan fim, irin waɗanda ko ka zaga kasuwa da fitila ba ka samu. Wani ta wasiƙa ya yi odarsa, ya cike takarda da hannu, ya liƙa kan sarki, ya jira wata uku. Wani kuwa a intanet ya farauto shi wajen gwanjo, ya kayar da mutum tara da bai taɓa ganin fuskarsu ba, amma har yau yana jin haushinsu. Kowane faifai yana cikin ledarsa ta kamfani, a liƙe yadda ya fito. Domin a ƙa'idar malamin, faifan da aka yage wa leda ya tashi daga dukiya ya koma tarkace.

"Ɗan koyo ne ke jin kiɗa da kunne kawai," in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Mu da muka yi nisa, bayan kwali muke dubawa. Ka karanta jerin kiɗe-kiɗen, ka ga mintocin kowane, ka ga sunan wanda ya tsara. Shi ke nan, sai abin ya taso maka a zuci."

Wa zai ja da wannan zurfin ilimi? Ba dai matarsa ba, wadda kabad ɗin ma asalinsa na kwanukanta ne.

Abu ɗaya ne ya hana bawan Allah sakat. Akwai Ƙungiyar Masoya Kiɗan Fim, mai mambobi bakwai cif ban da shugaba, da ke zama duk Asabar da la'asar a shagon Mai Aski, tsakanin madubi da kwandon gashi. Shugabanta ya samu canjin wurin aiki, kujera ta zama babu kowa. Kunnen Zinariya yana son kujerar nan kamar ransa, har ya riga ya buga katuna masu ɗauke da kalmar "Shugaba" ya ɓoye a aljihun kwat. Sai ga wasu marasa hangen nesa sun ce Mai Aski ma ya tsaya takara. Mutumin da faya-fayansa duk sun ƙarje, wasu ko kwali babu, yana kunna su daga safe har yamma a wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure wa murfi da roba!

Sai malamin ya ɗauko babban makami. Ya gano a intanet faifan wani tsohon fim na wani direban jirgin ƙasa, fim ɗin da ko waɗanda suka yi shi sun manta da shi. Kwafi ɗari biyu aka buga a duniya, ga ɗaya sabo fil a leda. Ya yi oda, ya kuma sanar da ƙungiya cewa ranar zaɓe za su ga abin da idonsu bai cancanta ba.

Tun daga ranar gidan waya ya shiga uku. Kullum da tsakar rana yana jingine da kantar karɓar saƙo, yana miƙa lambar saƙo. Ma'aikaciyar wurin, da ta hango shi a ƙofa, sai ta ce wa abokiyar aikinta, "Ga Bai-Iso-Ba nan." Ranar da ƙunshin ya iso, ta ajiye shi a kan kantar da ɗan ƙarfi, sai da ya dafe ƙirji.

"Baiwar Allah, a hankali! Kin san abin da ke hannunki kuwa? Tarihi ne kike jifa da shi kamar kwalin sabulu."

Makonni biyu ya yi yana ba mambobi labarin kiɗan da ke ciki. Ya ce akwai wani wuri a na huɗu da in goge ya shigo, namiji sai ya nemi hankici. Ya ce shi kansa ba ya iya tuna shi a ofis, don kada hawaye ya ɓata takardun hukuma.

Ranar zaɓe ya ci kwat, ya sa safar hannu fara, ya taho da matarsa don ta ɗauki hoton nasara da waya. Suna shiga shago, rediyon Mai Aski na fitar da wani kiɗa mai sarewa da ɗan ƙaramin ganga. Kunnen Zinariya ya tsaya cak, ya yamutsa fuska kamar ya taka ƙaya.

"Don Allah a kashe mana wannan hayaniyar. Wannan ai kiɗan tallan man shafawa ne. Ba tsari, ba zurfi, wanda ya yi shi ko makarantar kiɗa bai bi ta ƙofarta ba. Yau ranar manyan kaya ce."

Mai Aski ya ajiye tsintsiya, ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, ai don girmama ka na sa. Kiɗan fim ɗin direban nan ne. Wani kwastomana da ya yi aiki a silima ya kwafa mini tun tuni. Wannan ma na huɗun ne, mai sa ka kuka."

Wani mamba ya yi tari, irin tarin da dariya ce ta sha kwana. Gumi ya karyo wa malamin ta ƙarƙashin kwat, amma girman kai rawanin tsiya, bai sauka ba.

"Ƙarya ne! An cuce ka, an ba ka jabu. Na gaskiya ga shi a hannuna."

"To ai da sauƙi," in ji ma'ajin ƙungiya, wani tsohon malamin makaranta da ba ya son doguwar magana. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A buɗe a sa mu ji."

Nan fa ake yin ta. In ya ƙi, kujera ta tafi. In ya yarda, leda ta tafi. Ya dubi faifan, ya dubi kujerar aski da aka goge aka ajiye wa sabon shugaba, ya ji zuciyarsa na tsagewa biyu. Can dai son mulki ya rinjayi son leda. Ya cire safar hannu, ya sa farce, ya ja. Ƙarar yagewar nan, kai ka ce fatarsa ake ja.

Mai Aski ya kwance robar rediyo, ya cire nasa, ya sa na Kunnen Zinariya, ya danna na huɗu. Sarewa ta taso, ɗan ƙaramin ganga ya biyo ta. Shi ne dai, ba ƙari ba ragi, sai dai wannan ba ya tsalle.

Ba a ɓata lokaci ba wajen zaɓe. Hannu biyar suka tashi wa Mai Aski. Na shida na Mai Askin ne, shi kuma don kunya ya ɗaga wa Kunnen Zinariya, wanda ke tsaye da yagaggiyar leda a hannu, ya ma manta bai zaɓi kansa ba.

Ya juya wajen matarsa, ko zai samu mai taya shi baƙin ciki. Sai ya tarar ta ajiye waya a cinya, ta lumshe ido, tana kaɗa kai a hankali.

"Maigida," ta ce, "ashe abubuwan nan kiɗa suke yi? Mai Aski, don Allah ɗan ƙara mana sauti."