Mai Girma da Rimot a Shagon Direba

Jama'a, yau tun da sassafe na fita da babur ɗina neman mai, na tarar layi ya miƙe har ya sha kwana ya wuce bayan kantin magani. Na bi sahu, na jingine babur, na zaro waya na fara buga 'yar ƙwallon da nake rage zafi da ita. Sai wani dattijo mai galan a hannu ya leƙo ta kafaɗata.

"Bawan Allah, da furfurarka kake wasan yara?" in ji shi. "Wannan ai ɓata lokaci ne."

Na dube shi, na dubi layin da ko motsi bai yi ba tun fitowar rana. Na ce, "Baba, wane lokacin? Wanda manya suka riga suka ɓata mana, ko akwai wani a ajiye?"

Sai ya buɗe min karatu a kan darajar lokaci. Yana yi muna jan ƙafa har muka iso bakin famfo. Ana zuwa kaina mai sayarwa ya rataye tiyo ya ce mai ya ƙare. Ta ƙofar baya kuwa ga wata baƙar mota mai duhun gilashi ana ɗura mata har tana amai. Haka na turo babur gida a ƙafa, ina yi wa manyanmu addu'ar ƙarin lafiya, tunda su suka tanadar mana wannan motsa jiki kyauta.

Ashe ana wata ga wata. Ina shigowa layinmu na tarar da maƙwabcina Direba a ƙofar gidana, ya dafe ƙugu, fuskar nan ba annuri. Sunan ne kawai ya rage masa, don ya daɗe da barin tuƙi. Shekara da shekaru yana jan motar haya, har bayansa ya ce ya gaji. Ya sayar da motar, ya kama shago a bakin layi, ya jera talabijin da benci da injinan gem, wato wasannin da ake bugawa a talabijin. Da shagon nan yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa da ba ta gani sosai. Dokokinsa kuwa sun fi na wasu ofisoshi tsauri: ba zagi, ba sigari, ba ɗan makaranta a lokacin makaranta. Duk da haka wasu maƙwabta suka kai ƙara sama, manya kuma da yake ba su da wani aiki a gabansu, suka kafa Kwamitin Ceto Lokacin Al'umma. Yau ne kwamitin zai zo ya duba shagon, ya yanke ko a bar shi ko a garƙame.

Ni dai na riga na yi nawa binciken a kan masu ƙarar, kuma ban ci ko sisin gwamnati ba.

Mai aski ya ce gem na lalata tarbiyya. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kafin a buɗe shagon Direba, duk wanda ba shi da abin yi a bencin mai aski yake wuni, yana sauraron wa ya saki matarsa, wa ya sayi fili. Yanzu bencin ya koma na kuliya, shi kuma da madubi yake hira. Tela ya ce shi abin da ya haɗa shi da gem, yana koya wa mutum saɓa alkawari, kullum mai buga shi cewa yake saura kaɗan. Wannan telan ne fa da yadina ya tsufa a shagonsa, har na fara yi wa yadin gaisuwa idan na wuce. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, kuma ban ga alamar zai fara ji a bana ba.

Sai tsohon Hedimasta, wanda ya ce gem na cusa mugunta a zukatan matasa. Rabin magidantan layinmu har yau suna ɗauke da shaidar bulalarsa a bayansu, amma a bar kaza cikin gashinta. Abin da bai faɗa wa kwamiti ba shi ne, jikarsa ta taɓa lallaɓa shi ya gwada, ta lallasa shi a gaban matarsa, matar ta yi dariya har ɗankwali ya faɗi. Tun daga ranar ya gano illar abin ga al'umma.

Uwargidata ce kaɗai ta faɗi gaskiya. Na ce, "Ke me gem ya yi miki?"

Ta ce, "Ni ba gem na tsana ba, 'ina zuwa' na tsana. In kira ka ka ce kana zuwa, abinci ya huce kana zuwa. Kuma da ci kake yi ma da da sauƙi. Kullum sai ka dawo kana cewa rimot ne ya maƙale."

To wannan baiwar tawa ce ta kawo Direba ƙofata. Ya ce ya samu labari shugaban kwamitin ba ya duba abu sai ya taɓa da hannunsa, saboda hoto. Kuma kowa ya san tsarin: babban mutum ba ya faɗuwa. In tsere ne shi ke zuwa na ɗaya, in dara ce shi ke cinyewa, in muhawara ce abokin karawarsa ke fara tafa masa.

"Idan ya ci, zai fita yana dariya, shagona ya tsira," in ji Direba. "Ina son wanda zai faɗi ba tare da an gane ba. Na duba layin nan kaf, babu wanda ya kai ka iya faɗuwa."

Rabona da a yabe ni haka har na manta. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, wannan kuwa dama wasa ne.

An ce za su zo da hantsi, sai da rana ta yi sanyi muka ji jiniya. Masu ceto lokaci ke nan. Motoci suka cika layi har sun fi 'yan kwamitin yawa, cikinsu har da wata baƙa mai duhun gilashi da na ji kamar mun taɓa haɗuwa. Aka buɗe wa Mai Girma ƙofa, Garkuwan Kwamitoci, Uban Zama da Tashi, Allah ya ƙara masa kujeru. Bayansa ga Sakatare da biro a hannu, ga mai hoto, ga wasu mutane da har yanzu ban gano aikinsu ba in ban da tafi.

Mai Girma ya tsaya gaban talabijin ta farko, inda ake tseren motoci. Ya ƙura ido ya daɗe.

"Wace ƙasa ce wannan? Titi ba rami ko ɗaya?"

"Ranka ya daɗe, ba ƙasa ba ce, zane ne," in ji Direba.

"To ka ga matsalar. Matashi ya wuni yana kallon irin wannan titi, gobe ya fito ya fara yi mana tambayoyi. Sakatare, rubuta."

Ya matsa gaban ta ƙwallo. Ya nuna alƙalin wasa da baki ya ce wa ya naɗa shi. Direba ya ce a cikin injin yake, da shi aka ƙera.

"Wato ba a iya ganinsa a keɓe?"

"Ba a iyawa, ranka ya daɗe."

Mai Girma ya girgiza kai cikin takaici, kamar an ce masa an haifi yaro ba dangi. Sannan ya tattara riga ya zauna a kujerar da aka shimfiɗa wa sabon mayafi, ya ce a ba shi abin ya gani da idonsa. Aka miƙa masa rimot, wato abin da ake riƙewa ana latsawa don juya 'yan wasa. Ya zaɓi masu fararen riguna saboda sun dace da kayansa, aka bar min jajaye. Na zauna a ƙasa kusa da takalminsa, don kada a ce na haɗa kafaɗa da manya.

A nan ne fa gizo ya yi saƙa. Mai Girma ya riƙe rimot a kife, kansa a ƙasa. Kowa ya gani. Direba ya buɗe baki, Sakatare ya watsa masa wani kallo, ya mayar ya rufe. Wa zai ce wa babban mutum ya riƙe abu ba daidai ba? Ai yadda ya riƙe shi ne daidai, kamfanin ne ya ƙera a juye.

Aka busa. Duk inda Mai Girma ya tura, ɗan wasansa sai ya yi akasin haka. Ya karɓi ƙwallo ya juya ya nufi gidansu a guje, ya wuce 'yan bayansa, ya ɗaɗa ta ta wuce golansa ta faɗa raga. Shago ya ɗauki tafi. Mai hoto ya durƙusa yana ɗauka, wani daga baya ya ce tunda yake bai taɓa ganin ƙafa irin wannan ba. Mai Girma ya gyara hula ya ce, "Ashe ma abin ba wuya." Ni kuwa ina kallon saman talabijin, inda inji ya rubuta cin a ɓangarena.

Jama'a, na sha faɗuwa a rayuwa, amma ban taɓa sanin faɗuwa aiki ce ba sai yau. Na riƙa harba ƙwallo waje. Na riƙa miƙa masa ita har ƙafarsa. Na kwashe ƙafar ɗan wasansa da gangan aka ba nawa jan kati. Daga ƙarshe na ajiye rimot a cinya na naɗe hannu. Duk da haka Mai Girma ya sake ɗaukar ƙwallo, ya sake zuba wa kansa. Na waiwaya na ga Direba jingine da bango, gumi na bin wuyansa, leɓensa na motsi.

Da aka dawo hutun rabin lokaci sai na ga haske. An canja gida. Ragar da Mai Girma ya saba zubawa yanzu ta zama tawa, idan ya ci gaba da abin da yake yi, zai rama har ya wuce. Na kalli Direba, ya kalle ni, muka yi ajiyar zuciya tare. Sai Sakatare, wanda ashe ya taɓa kallon ƙwallo, ya sunkuya cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, an canja gida. Yanzu wancan ɓangaren za ka nufa."

"Na sani," in ji Mai Girma. Ya juya akala ya sake komawa kan golansa, bawan Allah.

Da aka busa tashi, talabijin ta nuno jajayena suna tsalle da kofi, fararen kuwa sun zube a ciyawa sun rufe fuska. Tafi ya fara raguwa. Mai Girma ya ce, "Me ya sa yarana ke kuka?"

"Kukan murna ne, ranka ya daɗe," in ji Sakatare.

Da an bar shi a haka, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma Hedimasta yana bakin ƙofa, mutumin da bai taɓa ganin kuskure ya wuce shi ba, ga kuma daɗin ya samu ɗan'uwa a shan kaye. Ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, gyara kaɗan. Ai kai aka ci. Duk a ragarka ka zuba, ga shi can a rubuce."

Masu tafi suka sauke hannu. Mai Girma ya dubi rubutun, ya dube ni, na sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ya ajiye rimot a hankali, ya yi murmushi, ya miƙe. Ya ce bincike ya kammala, kuma ya tabbatar da koken jama'a. Wannan inji bai san babba ba bai san yaro ba. Yana ƙirga abu yadda ya faru ba tare da ya tuntuɓi kowa ba, sannan ya bayyana sakamako a gaban mutane. Irin wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga tarbiyya.

Direba ya durƙusa, da wannan bayan nasa da ko takalmi ba ya iya ɗaurawa sai an taya shi.

"Ranka ya daɗe, da shagon nan nake ciyar da gida. Ba ni da wata sana'ar."

Mai Girma ya ce kada ya damu, za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba batun cin abincinsa. Aka fito da mu, aka ja ƙofa, aka ɗana kwaɗo sabo fil, wanda ashe tun daga ofis aka taho da shi. Jiniya ta tashi, ƙura ta lafa, aka bar mu tsaye.

Mai aski ne ya fara magana, yana kallon ƙasa. Ya ce shi fa bai ce a rufe ba, cewa ya yi a rage. Tela ya tuna yana da ɗinki, karon farko a tarihi. Hedimasta ya ce shi gaskiya kawai ya faɗa, amma bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Direba yana nan durƙushe a bakin shagonsa, ya kasa tashi, sai da na kama shi ta hammata na ɗaga. Bai zage ni ba, da ma ya zaga.

"Abu ɗaya na roƙe ka," ya ce.

Wallahi tausayinsa da kunya suka rufe ni. Na raka shi gida, tsohuwarsa tana zaune a tsakar gida ta ji takunsa, ta ce yau ya tashi da wuri, ko kasuwa ta yi kyau ne. Ya ce mata eh, Inna.

Gobe da safe za mu je ofishin Mai Girma ni da shi, shi ya ba da haƙuri a kan injinsa, ni in ba da haƙuri a kan nasarata. Kafin nan, duk wanda ya san yana da wani abu a gidansa mai ƙirga gaskiya ba ya tuntuɓar kowa, ko sikeli ne ko agogon bango, ya tura shi ƙarƙashin gado, don na ji ƙishin-ƙishin zaɓe ya kusa.