Masa a But ɗin Mota

Da auren ƙanwata ya tashi, na ce a bar mini neman wurin biki. Na samo gidan gona a wani ƙauye a jihar Virginia, har da tafki. Takardar sharuɗɗa kuwa, ban karanta ba na sa hannu. Shekarata goma a Amurka, wa zai koya mini?

Ranar biki Goggo Saratu ta iso da kula tara cike da masa. Baturiyar wurin ta ce ba a shiga da abincin waje.

Goggo ta koma ta buɗe but ɗin motarta, ta hau rabon masa. Baƙi suka bar teburan suka yi layi, har da ango.

Har yau in ta zuba mini abinci sai ta ce, "A nan za ka ci, ko in buɗe maka but?"