Rasuwar Gwaggo Tsawa, Wadda Aka Shanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da ƙwalla, da kuma hannun hagu da ya rasa abin riƙewa, ni Michael, malamin firamare a nan Zuru, a madadin matata Larai da ƙungiyar mawaƙan majami'armu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jitar bes ɗina, babbar jita mai kaurin murya da tsirkiya huɗu, wadda aka fi sani da Gwaggo Tsawa. Ta riga mu gidan gaskiya shekaranjiya Alhamis, sakamakon kwanciyar da ta yi daga hantsi zuwa la'asar a kan falalen dutsen da ke bayan gidanmu, bayan ta yi shekara goma sha ɗaya a hannuna. Shekarun da ta yi a hannun wani kafin ni kuwa, Allah kaɗai ya sani, don ita ba ta taɓa faɗa ba.

Marigayiyar ba mai yawan surutu ba ce. Duk maganarta ba ta wuce "dum, dum-dum, duuum," amma in ta faɗa, har bencin baya sai ya amsa. Ba ta neman gaba kamar ƙaramar jita mai tsiwa, ba ta kuma tsoma baki a kowace magana kamar fiyano. Tana can gefe, kusa da taga ta uku, tana riƙe da waƙa kamar yadda ginshiƙi ke riƙe da ɗaki. Na sha ganin tsofaffin da suka shigo suna kukan ciwon gwiwa sun miƙe suna rausaya saboda ita. Ta taɓa faɗo da ƙadangare daga saman rufi ana tsakiyar karɓar baiko, wato sadakar majami'a, ya faɗa cikin kwandon karɓar, aka ɗauke shi tare da sauran abin da jama'a suka bayar. In an ɗauke wuta, sai ta yi shiru cikin mutunci, ba ta zargin kowa. Larai ma ta sha faɗa a gaban mutane cewa ba fuskata ta gani ta aure ni ba, abin da ta ji yana bugawa a ƙirjinta daga taga ta uku ne, daga baya ta gane jita ce.

Ba za mu ɓoye wa jama'a ba, Gwaggo ta daɗe tana fama da lalurar zafi. Duk bazara sai ciwon ya tashi. Zan saita muryarta da sanyin safiya, tsaf, kowace tsirkiya a mazauninta. Kafin a kai waƙa ta biyu kwanon rufin majami'a ya ɗau wuta, tsirkiyoyin sun miƙe sun saki, mawaƙa suna gabas tana yamma. Sai in faki idon mutane, Fasto na addu'a ni ina murɗa mata kunne, har wata dattijuwa ta taɓa tare ni a bakin ƙofa ta ce in ji tsoron Allah, me baiwar Allah ta yi mini? Ita tsirkiya da sauƙi, murɗawa ce. Wuyan ne abin tausayi. Katako ne, kuma katako bai manta cewa shi itace ba ne. In iska ta bushe sai ya tsotse, ƙananan ƙarafan da ke jere a jikinsa su fiddo baki suna yankar mini yatsa. In zafi ya yi zafi sai ya fara rusunawa gaba, tsirkiyoyi su yi sama su bar shi, har sai na danna da ƙarfin mai tatsar saniya kafin ta yi magana. Da damina kuma ya sha laima ya koma baya, ta riƙa "zzzrrr" kamar ƙudan zuma ya shiga tulu.

Mun yi jinya iya gwargwado. Makwancinta kusa da randa yake, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ba a jingina ta da bangon yamma. Ba ta hawa mashin da tsakar rana, in kuwa tafiyar ta zama dole, sai na sassauta mata tsirkiyoyi na lulluɓe ta da farin zanen Larai. Wuta in ta zo, ita ake fara juya wa fanka, mu mu biyo baya. Larai ta yi magana a kan wannan sau biyu, daga baya ta sallama.

Dangane da ajalinta, iyali sun yanke shawarar ba za a ambaci sunan kowa ba. Zafin rana ne ya kashe ta, a nan maganar ta tsaya. Sai dai don tarihi, ya kamata a sani cewa surukina Baba Abel, mahaifin Larai, tsohon soja, wanda ya yi shekaru yana kiɗan badujala, mutumin kirki wanda na yi damina uku ina noma a gonarsa kafin ya ba ni 'yarsa, ya zo mana daga Manga don ya yi bikin Ista tare da mu. Ranar Alhamis da safe ina gwajin waƙoƙin Lahadi, na ce a fili, ba da kowa nake ba, muryar Gwaggo ta saki. Na mayar da ita gefen randa, na tafi makaranta. Larai ta tafi kasuwa. Aka bar Baba a gida shi kaɗai, da kunnensa na makaɗi da kyakkyawar niyyarsa.

Duk wanda ya tashi cikin makaɗa ya san maganin ganga in muryarta ta saki. Rana ake kai ta, fatar ta sha zafi ta ɗaure, ta dawo tana ƙara kamar sabuwa. Baba ya yi wa ganguna wannan alheri fiye da shekara hamsin, rana ba ta taɓa ba shi kunya ba. Saboda haka ya ɗauki marigayiyar cikin girmamawa, ya cire mata farin zane, ya kwantar da ita a kan falalen dutse kusa da barkonon da Larai ta shanya. Maƙwabta sun shaida bai yi sakaci ba. Ya ja kujera gindin mangwaro ya zauna gadi da sandarsa, ko akuya ɗaya ba ta kusance ta ba.

Da la'asar na dawo na same shi a ƙofar gida yana fara'a. Ya ce, "Ɗana, na gyara maka ita. Sau ukku na juya ta, ko'ina ya samu. Taɓa ka ji, har yanzu da zahi." Na taɓa. Da zafi kuwa, ƙwai ma zai soyu. Wuyan ya lanƙwashe kamar bakan maharbi, ya kuma murɗe gefe guda, allon da ake danna tsirkiya a kai ya ɗago daga jikinsa saboda gam ɗin ya narke. Na ja babbar tsirkiya, ta ce "ƙwarrr." Barkonon da ke gefenta kuwa ya bushe ƙayau, ya yi kyau ƙwarai. Na dubi Gwaggo, na dubi mutumin da ya ba ni mata. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." A rayuwata ban taɓa yin godiyar da ta ƙona mini maƙogwaro irin wannan ba.

An garzaya da ita wurin maƙwabcinmu Lukuman kafinta, wanda ya saba duba ta. Akwai wani dogon ƙarfe da ke ɓoye a cikin wuyanta, wanda ake murɗawa kaɗan-kaɗan in ta rusuna, ta miƙe. Lukuman ya yi bisimilla, ya murɗa rubu'i. Ya jira. Ya ƙara rubu'i. Sai muka ji kalmarta ta ƙarshe, ba ta ma ratsa ta sifika ba, daga cikin wuya ta fito: "ƙas!" Lukuman ya ajiye makullin a hankali, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Wagga ta wuce kahinta."

Marigayiyar ta rasu ta bar sifika guda, wanda tun ranar yake ƙugi shi kaɗai in an kunna shi, da wayar haɗi mai faci uku, da maɗaurin kafaɗa, da jaka wadda zif ɗinta ya riga ta tafiya tun bara. Ta bar tsirkiyoyi huɗu, dukansu cikin ƙoshin lafiya, ba su da inda za su zauna. Ta kuma bar ni.

A nan ne baƙin cikin ya kasu biyu. Cikin waɗanda suka fara zuwa gaisuwa har da Divine, mai kaɗa fiyanon ƙungiyarmu. Shekara nawa yana gaya wa shugaban mawaƙa cewa duk abin da Gwaggo ke faɗa, hannunsa na hagu zai iya faɗa a kan fiyano. Ya zauna a kan tabarma, fuska a ɗaure kamar gaske, amma ina kallon yatsun hagun nan suna motsi a kan gwiwarsa. Ya ce in kwantar da hankalina, Lahadi ba za a ji giɓi ba. Dokar ƙungiya kuwa a fili take: wanda ba shi da abin kiɗa ya koma layin masu rerawa. Ni kuma muryata, jaki ma in ya ji yakan yi shiru don tausayi. Ma'ana dai gobe, ranar Ista, ranar da majami'a ke cika har waje, wurin da na tsaya shekara goma sha ɗaya kusa da taga ta uku zai zama wurin ajiye fanka. Na ji tsoron wannan fiye da yadda zan iya faɗa wa Larai.

Ba wanda ya gaya wa Baba komai, don ba a yi bakin da zai faɗa ba. Shi da kansa ya shigo ɗaki jiya Juma'a da safe, ya ɗaga gawar, ya kanne ido ɗaya ya duba tsawon wuyan kamar yadda soja ke duba bakin bindiga. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kwantar da ita gefen randa, ya mayar mata da farin zanen, ya bar kununsa bai sha ba, ya tari mashin ya tafi Manga ba sallama. Larai ta yi kuka, ta ce kunya ta kori ubanta daga gidanta ana gobe-jibi biki, kuma duk a kan katako da waya. Ranar ba a ci tuwo da daɗi a gidanmu ba.

Yau Asabar da hantsi sai ga shi ya dawo, rungume da babbar gangarsa. Mutanen Manga sun san ta. Ita ke kiran gayya, ita ke raka amare, kuma tun da aka ɗaure mata fata ba hannun da ya taɓa ta sai nasa. Larai ta ce tana ƙarama ta taɓa ɗora mata yatsa, har yau tana tuna abin da ya biyo baya. Baba ya ajiye ta a gabana, ya ɗora gular bugunta a kai, bai dube ni ba. Ya ce, "Riƙa. Ita wagga rana ba ta kashe ta." Na buga sau ɗaya. Ta ce "duuum," kwanukan Larai suka amsa daga kicin. A wannan karon kafin godiyar ta fito, hawaye suka riga ta.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gobe Lahadi bayan an tashi daga sujada a majami'a, za a ɗauko marigayiyar daga shagon Lukuman, inda aka mayar da ita aka yi mata wankan mai, a bi da ita ta inuwa, ko da hanyar ta fi nisa. Za a rataye ta a bangon gabas na ɗakinmu, sama da randa. Buƙatar Larai ta a ba ta wuyan ta yi muciya ba ta samu karɓuwa ba, don ko tuwo ba zai yarda da wannan lanƙwasar ba. Kunnuwanta huɗu an bar wa Lukuman ya yi mariƙin durowa. Divine ne zai ɗauki sifika a ka, tunda hannunsa na hagu ba shi da wani ƙarin aiki gobe. Za a karɓi gaisuwa a gindin mangwaro, akwai kunu da ƙosai, da yajin barkonon da ya kwanta tare da ita a sa'arta ta ƙarshe.

Masu neman mai makoki a lokacin sujada za su same shi inda ya saba tsayawa, kusa da taga ta uku, Baba Abel na zaune a bayansa yana ƙirga masa bugu da sanda. Sai dai ana roƙon duk wanda ya biyo ta bayan gidanmu da sassafe ya ga ganga kwance a kan falalen dutse tana shan rana, don Allah kada ya tausaya mata ya kai ta inuwa. Ni na shanya ta.

Allah ya ji ƙan Gwaggo Tsawa, ya sanyaya makwancinta.