Ranar Da Motata Ta Durƙusa A Ƙofar Surukai

Abubuwa da yawa na zamana a Suleja sun fara shige mini duhu, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka je nema mini aure ba. Ko yanzu na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekarun nan ne da aka kwaso ma'aikatu daga Legas aka dawo da su Abuja, ni ma na samu aiki a ɗaya daga ciki na baro Zariya. Gida a Abuja ya fi ƙarfin irinmu, sai na kama ciki da falo a Suleja, in yi sammako in tafi, in dawo da yamma.

A lokacin ina fama da wata cuta, cutar mota. Ban damu da ci ba, ban damu da sutura ba, duk abin da na samu a mota yake ƙarewa. Wata ja ce ƙirar Jamus mai ƙofa biyu, 'yar Kwatano, wadda in ka taka mata totur a titin Kaduna sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. A tsofaffin mujallun Turawa da nake tsinta a kasuwa, irin motata kwance take ƙasa-ƙasa, taya ta shige cikin jiki. Tawa kuwa tsaye take ƙiƙam, tsakanin tayarta da jikinta kaza ma sai ta kwana.

Na kai kukana wajen Sunday, wani mai shagon kayan mota da wansa yake turo masa kaya daga Jamus. Shi ya nuna mini maganin a wani littafin talla: wata irin shakazoba ce mai sifirin naɗe a jikinta, da zobe mai zare a gindi. Ka murza zoben sama mota ta ɗaga, ka murza shi ƙasa ta sauka. Iri biyu ne a littafin, mai taushi ta titin gari da mai tauri ta filin tsere. Da Jamusanci aka yi bayanin, ni da Sunday kuwa babu mai ji, don haka hoto muka bi. Ɗaya an sa wani dattijo da matarsa da karensu suna murmushi, ɗaya kuma an sa mota tana shan kwana hayaƙi na tashi. Ai kun san wadda na zaɓa.

"Oga, wannan na racing ne fa, original," in ji Sunday. "In ka sa shi, duk Suleja ba mai kama ka."

(Ban tsaya na tambayi kaina wane ne yake bina ba.)

Na yi watanni ina zarya a shagon kafin kayan su iso. Ranar da za a ɗaura ko ofis ban je ba, na tsaya a kan bakanike a gareji, Sunday na gefe yana zuga ni. Duk sanda aka sauke jak sai in ja da baya, in karkata kai, in ce a ƙara yin ƙasa. Ba mu bari ba sai da gwangwanin madara ya koma wucewa ta ƙarƙashinta da ƙyar. Na shiga na zaga gari, na ji ta daram. Abin da ban lissafa ba shi ne ni kaɗai ne a ciki, kuma a lokacin siriri ne ni kamar sillen kara.

To, akwai Rakiya, 'yar Alhaji Bawa mai harkar doya, a Iku. Mun daidaita da ita, ba na ganin kowa sai ita. Tun farko ta ja mini kunne cewa babu abin da mahaifinta ya tsana kamar samarin Abuja masu tseren mota a cikin gari. "Don Allah kada Baba ya ga jar motar nan sai an ɗaura aure," haka ta ce. Saboda haka a acaɓa nake zuwa zance, kuma da na hango Alhaji tafe sai in sulale ta bayan gida. Ya san sunana, ya san Bazazzagi ne ma'aikacin gwamnati, amma bai san fuskata ba.

Aka sa wata Asabar da manyana za su zo neman aure. Kowa ya san yadda ake yi: ranar nan saurayi ba ya kusantar ƙofar gidan, manya ne da manya. Aikina kawai in ɗauko Baffa, ƙanin mahaifina, a Dikko inda motar Zariya za ta ajiye shi, in sauke shi a bakin layin su Rakiya, in ɓace.

Baffa mutum ne da Allah ya hore wa jiki. Ya zo da amininsa Malam Isa, da huhun goro, da katan na alawa. Muka cusa kaya a but, na kwantar da kujera Malam Isa ya naɗe kansa ya shige baya, Baffa ya tattara farar babbar rigarsa ya zauna a gaba. Na ji motar ta yi wani ɗan nishi, na yi kamar ban ji ba.

Tun kafin mu shiga gari hular Baffa ta bar kansa. Shakazobar filin tsere ba ta san afuwa ba, ko tsakuwa muka taka sai ta isar da saƙon har ƙashin baya.

"Kai yaro, wannan mota ce ko turmi?"

"Baffa, ai haka ake yinta don ta riƙe titi."

"To ita ta riƙe titi, mu kuma wa zai riƙe mu?"

Malam Isa dai salatinsa kawai nake ji yana fitowa daga baya gutsi-gutsi.

Da muka iso bakin layin na tsaya. Ashe an yi ruwa da safe, layin ya zama taɓo. Baffa ya dubi taɓon, ya dubi farar rigarsa, ya ce shi ba zai shiga gidan mutane kamar wanda ya taso daga fadama ba, in kai su ƙofar gida in juya da sauri, wa zai kula da ni? Na so in yi musu, amma ba a musu da wanda ya taso tun daga Zariya don nema maka mata.

Daidai ƙofar gidan Alhaji akwai wani ɗan kwalbati mai tudu, wanda ko keke ba ya rage gudu a kansa. Gefensa kuma ga dattawa a kan tabarmi, sun sha manyan riguna, suna jiran baƙi. Na sunkuyar da kai na hau a hankali. Tayoyin gaba suka wuce lafiya. Sai na ji ƙurrr, cikin motar ya zauna a kan siminti. Na taka totur, taya ta yi ta juyi a banza. Na ƙara takawa, salansa ta ɓalle, motar ta saki wata ƙara da ta tashi tantabarun unguwar gaba ɗaya. Na kashe ta. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni.

Baffa ya tura ƙofarsa, ta daki bakin kwalbatin ta ƙi buɗuwa. Haka wakilin ango ya yi sallama ta taga, yana zaune daidai gwiwar mutane. Wani dogon dattijo mai furfura ya taso, sai da ya tsuguna kafin ya iya ba shi hannu. Alhaji Bawa ke nan. Na ja hulata har gira na fito, Baffa ya tsallako ta kan giya ya biyo ta ƙofata, rigar da ake tsoron taɓo ya ɓata ta sha baƙin mai. Aka zaro Malam Isa daga baya, ya daɗe bai miƙe sosai ba.

"Sannu direba," Alhaji ya ce da ni. Na saci kallon Baffa, na ga ya ɗaga kai yana nazarin hadari. Na ce, "Yauwa, ranka ya daɗe."

Alhaji ya naɗe hannun riga ya ce a kama. Dattawan nan da suka yi wanka suka fesa turare saboda ni, su ne suka sa hannu a bamba da gefen taya, ana "ya Allah, ya Allah", har aka ciccibo ta aka dire a gefe. Wani maƙwabci ya leƙa ƙarƙashi yana haki ya ce, "Sifirin ne ya karye, lodi ya yi mata yawa." Kowa ya ce Allah sarki. Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Kada ka damu yaro, tsautsayi ne. In maigidanka ya yi maka faɗa, ka ce ya zo ya same ni."

Jama'a, kun ga ƙofa Allah ya buɗe mini, har da shimfiɗa. In ce na gode, in tafi, shi ke nan. Amma ina! Kayan da na yi watanni ina jira, kayan da suka ƙetaro teku, a ce sun karye? Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya buɗe.

"A'a ranka ya daɗe, ba karyewa ya yi ba. Haka aka saita ta. Daga Jamus aka yo odar kayan musamman."

Na ji Baffa ya ja wani dogon numfashi. Alhaji ya janye hannunsa daga kafaɗata a hankali.

"Wato lafiyarta lau, aka je har Jamus aka sayo abin da zai durƙusar da ita?"

"Don ta riƙe titi ne," na faɗa, muryata ta koma kamar ta sauro.

"Lallai ta riƙe." Ya juya wajen dattawan, yana goge hannu. "Kun ji irin yaran da nake faɗa muku. Mutumin da zai nakasa lafiyayyen abu don a kalle shi, wa zai ba shi amanar mutum? Allah ya raba 'ya'yanmu da irin mai motar nan."

Duk wurin aka amsa da amin. Alhaji kuwa idonsa na kaina, yana jiran tawa. Na ce, "Amin." Da bakina na faɗa, a ranar neman aurena.

Suka shige zaure aka bar ni a waje. Tafiya ba ta yiwuwa, don ba wata hanyar fita sai ta kan kwalbatin nan. Can sai ga wata tsohuwa ta gidan, wadda ta sha ganina wajen zance, ta dire mini kwanon shinkafa. "Ga na direba," ta ce, tana danne dariya da bakin mayafi. Daga cikin gida ina jiyo shewar mata. Ban iya taɓa abincin ba. Kunya ce a sama, amma a ƙarƙashinta tsoro ne zalla, don na tabbata na rasa Rakiya, kuma ba wanda ya raba mu sai ni.

Ashe a ciki Baffa ya ce shi ba zai ɗora aure a kan ƙarya ba, ya fayyace musu komai. Sai ga Malam Isa ya leƙo ya ce ana kirana. Ban taɓa jin an kira saurayi cikin zaure a irin wannan zama ba. Na cire takalmi tun daga nesa, na rarrafa na durƙusa a bakin ƙofa.

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗazu da na yi addu'a, ka ce amin?"

"Na ce, Baba."

"To ni ba na janye addu'a. Kai ka san yadda za ka yi ka fita daga cikinta." Ya yi nuni da haɓa wajen motar. "Abin nan naka na Jamus, sauka kawai ya iya, ko yana hawa?"

"Yana hawa, Baba."

"To bismilla."

Na fito na ciro jak da sifana. Da sabuwar shaddata na kwanta a taɓon ƙofar gidan surukaina, ina ciro taya ɗaya bayan ɗaya, ina murza zoben nan yana hawa. Zaren ya cushe da laka, kowane juyi sai na yi nishi. Masu wucewa suna tsayawa su yi mini sannu, wasu har da shawara. Ina kan tayar ƙarshe, rabin jikina a ƙarƙashin mota, na jiyo muryar Alhaji daga zaure yana cewa sun ba mu, a yi fatiha. A kwancen nan na ɗaga hannuwana baƙi ƙirin da mai, na shafa. Sai da Baffa ya fito ya ga fuskata ya yi dariyar da ya riƙe tun daga Dikko.

Rakiya ta yi kwanaki ba ta fito zance ba, kuma ban ga laifinta ba. Da ta fito, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya aike ni in yi bayani. Har yau ban samo mata amsa ba, ga shi mun aurar da 'yarmu ta fari.

Abin da na koya dai shi ne, in ka tafka wauta mutane suka yi maka kara suka kira ta tsautsayi, ka karɓi jajen hannu biyu ka yi shiru. Ba dole ba ne sai ka nuna musu cewa odarta ka yi tun daga Jamus.