Sallau da Zaɓen Yaren Kwamfuta

A ƙauyen Rimin Gora akwai wani gida mai mutum uku: Inna Talatuwa, da 'yarta Saude mai aikin asibiti, da autanta Sallau. Sallau ba rago ba ne, ba kuma mugu ba. Ciwonsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a bakin ƙofa, ko ruwa ake da ƙanƙara a nan za ka tarar da shi.

Da siɗin goshi Saude ta samo masa gurbi a wata cibiyar koyon kwamfuta da ke cikin gari, ta kuma ara masa tsohuwar kwamfutarta. Ranar farko malamarsu, Malama Uwani, ta ce, "Kwamfuta da yare ake ba ta umarni, yarukan kuwa suna da yawa. Kowa ya zaɓi wanda zai fara da shi kafin Alhamis. Wanda bai zaɓa ba, kujerarsa ta wani ce." Sallau ya damu, don ya san irin zaryar da yayarsa ta yi kan kujerar nan.

Wata rana Saude ta ce masa, "Ka tambayi 'yan ajin gaba, ka bi abin da suka ce." Ya tafi da takarda da biro. Na farko ya ce Python, Sallau ya rubuta. Na biyu ya ce, "Wane Python? JavaScript ne mai ba da aiki." Ya soke, ya sake rubutawa. Na uku ya rantse in ba Java ba, ɓata lokaci ne. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. Haka ya yi ta rubutu yana sokewa har takardar ta huje.

"Wanne ka bi?" in ji Saude.

"Duka na bi, Yaya. Shi ya sa kaina ke juyawa."

Wata rana Kawu Ɗanjuma mai gyaran rediyo ya ce, "Kai yaro, ka ɗauki wanda jama'a suka fi so, shi ke nan." Ranar kasuwa Sallau ya jera gwangwani uku a bakin rumfar mahauta, ya zube tsakuwa, yana kiran mutane su kaɗa ƙuri'a. Wata tsohuwa ta ce, "A cikinsu wanne zai raba taki?" Ya ce bai sani ba, ta mayar da tsakuwarta. Sauran kuwa duk suka jefa a na tsakiya, don shi ya fi faɗin baki. Da aka tashi ƙirga, Sallau ya manta wane gwangwani ne na wane yare.

Wata rana a aji Malama Uwani ta ce su gwada rubuta umarni, kuma kada wanda ya kira ta sai ya tabbata babu jan rubutun kuskure a fuskar kwamfutarsa. Ba a jima ba Sallau ya ɗaga hannu. Ta zo ta tarar ya bi kowane jan layi ya liƙe da baƙin salatif, har ba a ganin komai.

"Babu ja ko ɗaya, Malama."

Ta riƙe haɓa, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Ranar Alhamis ta zo, takardar Sallau ba komai a kai. Ya tsaya gaban Malama Uwani kamar ya yi hawaye. Tausayi ya kama ta, ga shi tana sauri za ta gidan suna. Ta nuna masa tarin littattafai ta ce, "Ɗauki wanda hannunka ya fara taɓawa, ka bi darasin farko. Kada ka ɗaga kai sai na dawo na ce ka ɗaga."

Ya ɗauka, ya buɗe, ya duƙufa. Masu wayon ajin suna gindin darbejiya suna musun wane yare ya fi. Suka leƙo don su ba shi shawara, bai ɗaga kai ba. Aka yi shelar abinci ya iso, bai ɗaga ba. Jan rubutu ya fito sau bakwai, shi kuwa tunda babu wurin kallo sai shafin da ke gabansa, ya yi ta komawa yana gyarawa harafi bayan harafi.

Dab da azahar Malama ta dawo. 'Yan gindin darbejiya suka tare ta da roƙon a ƙara musu mako guda. Ta wuce su ta tsaya bayan Sallau. A fuskar kwamfutar an rubuta: Sannu Sallau.

"Wane yare ne wannan ka zaɓa?"

"Wallahi ban sani ba, Malama. Ban duba bangon littafin ba, kai tsaye na shiga darasin farko."

Ta juya bangon ta duba, ta rubuta sunansa a saman rajista. "Kujerarka taka ce. Kai kaɗai ka fara, saura suna can suna zaɓe."

Sallau, wuyansa a sage, kansa har yanzu a sunkuye, ya ce da tebur, "To Malama, in ɗaga kan?"