Sarkin Ruwan Harra Ya Shiga Kogi

Duk Madina, daga Bani Harisa har Aƙiƙ, babu wanda ya san ruwa kamar Ustaz Nasrullahi. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya gajiya da faɗar gaskiya in dai a kansa take. A Harra ta Yamma aka haife shi, cikin baƙin dutsen da ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya taka, amma jininsa na kogi ne. Kakan kakansa, in ji shi, Sarkin Ruwa ne a Yawuri, mutumin da kada ke kauce wa a hanya. Gadon kuwa bai ɓata ba. Duk shekarar da aka yi ruwan sama kwarin Aƙiƙ ya kawo, Ustaz yakan tsaya a kan gada, hannu a baya, ya sanar da jama'a cewa ruwan nan gangarawa yake yi. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Shi ya sa aka laƙaba masa Sarkin Ruwan Harra, yana kuma amsawa da iyakar tawali'u.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shugabancin gela. Gela ita ce fitar da 'yan unguwa ke yi zuwa gona, a wuni ana dafawa ana ci, a miƙe ƙafa a inuwar dabino. Baba Yahya ne ya daɗe yana jan ragamarta. Gwiwa ta fara damunsa, ya ce a fitar bana zai miƙa wa wani. Ustaz ya ƙwallafa rai har ya rame. Da ya ji gonar da aka kama tana da kogi har da jirage, sai ya tabbata an gama zaɓe.

Ran Asabar ya iso cikin farar jallabiya mai sitati, ya ɗora alkyabba a wannan zafin, ga wani dogon ƙarfen tanti ɗaure a saman mota. Matarsa Kaltume ta tambaye shi tun a gida ko faɗa za su je. Ya gaya mata cewa sha'anin sarauta ba na kowa ba ne.

Gonar dai ta yi kyau, ba a cewa komai. Dabino jere, lemo ya nuna, ƙamshin na'ana'a da fure ya cika ko'ina. Kogin kuwa wani dogon tafki ne da mai gonar, Alhaji Abdussamad, ya haƙa ya lanƙwasa shi tsakanin bishiyoyi, ya zuba kifi da agwagi. Ruwan kore shar, ba a ganin ƙasansa. Akwai jirage na roba masu kan agwagwa waɗanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke, da wani ɗan kwalekwale guda. Ustaz ya dubi ruwan, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ya jama'a, wannan a wajenmu ruwan alwala ne, yani. Amma mashi, ba komai, zan nuna muku abin da kakanninmu suka bari."

Ya cire filafilan kwalekwalen ya jefar a bakin gaɓa, ya ce na 'yan koyo ne. Ɗan Sarkin Ruwa a tsaye yake tuƙi, da gora. Ya roƙi Baba Yahya ya ba shi girma ya shiga. Tsohon ya duba hagu ya duba dama, bai ga mai ceto ba, kunya ta sa ya shiga.

Tuƙi ya fara da ban sha'awa. Ustaz ya caka ƙarfe, ya tura, ya zare, ya sake cakawa, alkyabba na kaɗawa, masu waya na ɗauka. Ya yaba wa ƙasan kogin, ya ce taushinta alamar albarka ce. Taushin nan na leda ne. A ƙasar da yashi ke shanye ruwa kafin a ajiye bokiti, kowane tafki da baƙar leda mai kauri ake shimfiɗe shi, ga Ustaz yana bin ta yana hudawa kamar mai yin rariya. A tsakiyar ruwa ƙarfen ya kafe. Ya ja da ƙarfin kakanninsa, aka ji wani abu ya yage a ƙasa, ƙarfen ya tsaya inda yake, jirgi ya yi gaba.

Nan Sarkin Ruwa ya zauna, ya rungume gefen jirgin da hannu biyu. Baba Yahya ya tambaye shi a hankali ko ya iya iyo. Ustaz ya bayyana masa cewa su a saman ruwa suke mulki, shiga cikinsa aikin talakawa ne. Wasu suka hau jirgin agwagwa za su je ceto, ya ɗaga murya ya hana.

"La, wallah! Kada wanda ya kuskura ya zo. Nazarin ruwan nake yi."

Aka bar shi da nazari. Aka sauke shinkafa bukhari, ƙamshinta ya tsallaka ruwa ya iske Baba Yahya, wanda bai karya ba. Aka ci, aka sha shayi, wasu har da ƙailula. Ruwan tafkin kuwa yana ta raguwa, yashi na shanye shi ta inda ledar ta yage. Kafin la'asar agwagi sun daina iyo sun koma tafiya da ƙafa, kwalekwale ya zauna daram a kan taɓo. Ustaz ya miƙe, ƙarfin hali ya dawo, ya sanar cewa ruwa ya gane jininsa ne ya rusuna, kamar yadda ya taɓa yi wa kakan kakansa. Baba Yahya ya tattare jallabiya, ya sauka, ya tako da ƙafarsa har gaɓa. Ustaz ya biyo baya, takalmi ɗaya, alkyabba tana sharar laka.

Tsohon ya sha ruwa, ya ci ɗan abin da aka rage masa, sannan ya tara jama'a. Ya ce ya ga abin da ya gani, daga wannan lokaci Nasrullahi ne shugaban gela, ba sai an jira gobe ba. Ustaz ya lumshe ido don daɗi, ya gyara murya, ya ɗaga hannu zai fara jawabin godiya. Baba Yahya ya kama hannun, ya juya shi wajen ƙofar gona. Alhaji Abdussamad ne tsaye da 'ya'yansa maza majiya ƙarfi, suna kallon kifinsu na birgima a laka.

"Nasrullahi, ɗana, ajiye jawabin tukuna. Mai gona ne ke tambaya wa ke shugabancin mutanen nan."